FILIN GIDA DA GARKE: Sayen bisa da ajiyar nama har bazara

 Wannan wata zancen nama za mu yi.

An gama girbi, ɗari ya shigo. Yanzu ne bisashe suke da ƙiba, don sun ci ciyawar damana, sun kuma bi gonaki sun ci kara da harawa. Yanzu ne iska take a bushe, ƙuda ya ragu. In bazara ta zo, saniyar da kake gani a cike yau za ta rame, kuɗinta su faɗi, miyar gida kuma ta rasa nama. Mai son iyalinsa su ci nama a lokacin wuya, yanzu zai yi tanadi.

A ƙasashen Turai, kamar Faransa da Italiya, manoma sukan yanka alade lokacin sanyi, su cuɗe naman da gishiri, su rataye shi ya yi watanni bai lalace ba. Mu Musulmi ba ma cin alade, addini ya hana. Amma dabarar gishiri da iska da hayaƙi ba tasu ba ce su kaɗai. Kakanninmu sun san yaɗi da banda da kilishi tun da daɗewa. A shekarar 2010 ma, da fari ya kashe bisashe da yawa a Nijar, an riƙa sayen masu rauni daga hannun makiyaya, a yanka, a busar da naman, a raba wa mabukata.

SAYEN BISA

Ƙasarmu ƙasar kiwo ce. A Tukunus, arewa da Filinge, akwai gidan kiwo na gwamnati inda ake kyautata irin shanun Azawak tun 1954. Ga kasuwar Balleyara ta ranar Lahadi, wadda mahautan Yamai ma suke ci. Amma ba dole sai ka yi nisa ba. In ka saya wurin makiyayin da ka sani, ka san abin da bisar ta ci, ka san ko ta taɓa ciwo, ka kuma huta da kuɗin mota.

In kuɗin mutum ɗaya ba su isa ba, a yi watanda. Gida 8 ko 10 su haɗa kuɗi, su sayi sa ɗaya, a yanka, a kasa daidai a gaban kowa. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Kafin ka biya, duba waɗannan abubuwa:

1. Ido ya zama garau, ba kwantsa, ba hawaye.
2. Hancin saniya ya zama da danshi, amma ba majina mai kauri.
3. Gashi ya kwanta, yana sheƙi.
4. Duba ƙarƙashin wutsiya. In ya ɓaci, bisar tana zawo.
5. Sa ta yi tafiya. Kada ta yi ɗingishi, ko tari, ko haki.
6. Ta riƙa tuƙa, kada ta ware daga 'yan'uwanta.

Tambayi mai ita ko an yi mata allura kwanan nan. Maganin allura yakan zauna cikin nama. Wani sai ya yi sati 3 ko 4 kafin ya fita. Malamin dabbobi ne zai gaya maka kwanakin da za a jira.

NAMAN DA BA A CI

Araha ba ta ado. In ka ga ana rububin sayar da bisa a kwance, ana cewa a yi maza a sa wuƙa kafin ta mutu, ka tsare kuɗinka.

Akwai ciwon saifa. Bisa takan faɗi farat ɗaya, baƙin jini ya fito ta hanci da ta baya, jinin kuma ba ya daskarewa. Irin wannan ba a feɗe ta, ba a taɓa fatarta. A kira malamin dabbobi, a ƙone ta ko a rufe ta cikin rami mai zurfi. Ƙwayar wannan ciwo ba ta jin gishiri, ba ta jin rana, tana shekaru da yawa cikin ƙasa, kuma tana kashe mutum.

Ku tuna da shekarar 2016. Wata zazzaɓi ta bisashe ta ɓulla a Cintabaradan da Tasara, cikin jihar Tawa, ta kama makiyaya, fiye da mutum 30 suka rasu. Tana shiga jikin mutum in ya taɓa jini ko naman bisa maras lafiya. Alamarta a garke ita ce tumaki da awaki su riƙa ɓari da yawa a lokaci ɗaya. Wanda ya ga haka ya kai labari da sauri.

Bayan yanka, a duba nama. In akwai ma'aikacin kiwo kusa, a nuna masa. In ka ga farare-fararen ƙwayoyi kamar shinkafa cikin zuciya, ko harshe, ko naman kumatu, 'ya'yan tsila ne. In huhu yana da ƙulle-ƙulle masu ruwa ko masu ɗiwa, a binne shi. Kada a jefa wa kare, don ta wurin kare wata cutar take komowa ga mutane da bisashe.

YANKA

A yanka da sassafe, kafin rana ta yi zafi. A bar jini ya tsiyaye sarai, don nama mai jini ba ya ajiyuwa. A rataye bisa, ko a feɗe ta bisa fatarta, kada nama ya taɓa ƙasa. A kula kada tumbi ko hanji ya fashe bisa tsoka. A wanke hannu da wuƙa da sabulu. Kayan ciki, da kai, da ƙafa, a dafa su a ranar. Tsoka ita ce ta ajiya.

YAƊI

In ka kasa ɗanyen nama kashi 4, wajen kashi 3 ruwa ne. Wannan ruwa ne yake sa shi ruɓewa. Aikin gishiri da iska shi ne fitar da ruwan.

1. A cire kitse duka, don kitse ne yake fara wari.
2. A yanka nama dogo-dogo, kaurin ɗan yatsa, a bi tsawon tsoka.
3. A narka kilo 1 na gishirin ci cikin lita 6 na ruwa mai tsabta.
4. A tsoma naman minti 5, a tsame, ya tsane.
5. A rataye bisa igiya a rumfar da iska take ratsawa. Kada wani ya taɓa wani.
6. Da dare a tsare shi daga raɓa da karnuka da kyanwa.

Da hunturu, kwana 4 ko 5 ya isa. Ka karya ɗaya ka gani. In cikinsa ya bushe kamar bayansa, ya yi. In da taushi a tsakiya, a ƙara masa kwana. In iska ta yi danshi, a yi banda: a shimfiɗa naman bisa raga, a hura wuta kaɗan-kaɗan a ƙarƙashi, a riƙa juyawa.

Kada kowa ya fesa wa nama maganin ƙwari don korar ƙuda. Guba ce, kuma dahuwa ba ta fitar da ita. A rufe naman da tsohon gidan sauro wankakke.

KILISHI DA SOYE

Kilishi yana son naman cinya. A feɗe shi fale-fale, a shanya bisa tabarma a kan gadon kara, ya bushe. A dama tunkuza da ruwa, a sa gishiri, barkono, citta, masoro, kanumfari da albasa. A tsoma naman, a sake shanyawa. In ya bushe, a gasa shi kaɗan bisa garwashi, a bari ya huce kafin a naɗe. Akwai kuma rumuzu, wanda ba a sa masa tunkuza, sai mai da gishiri da yaji.

Soye kuwa, uwargida ta fi kowa saninsa tun daga naman layya. A tafasa nama da gishiri har ruwa ya tsotse. A soya shi cikin kitsensa har ya daina kumfa. A zuba cikin tukunya busasshiya, kakide ya rufe shi, a sa murfi. Mai ɗiba ya ɗiba da cokali busasshe.

AJIYA DA DAHUWA

A zuba busasshen nama cikin buhun yadi ko kwando, a rataye inda iska take shiga. Leda tana tara gumi, nama ya yi fumfuna. Kowane sati a sauko da shi a duba. In an ga ƙwaro, a sake shanyawa. In ya yi wari ko yauƙi, a zubar.

Rana ba ta kashe dukan ƙwayoyin cuta, wuta ce take ƙarasa aikin. Saboda haka yaɗi sai an dafa shi sosai. A wanke, a jiƙa, a sa a miyar kuka ko ta kuɓewa, a rage gishirin miya don naman yana da nasa. Ana iya daka shi a turmi ya zama gari. Cokali 1 ko 2 cikin kunu ko miyar yaron da ya wuce wata 6 yana ƙara masa jini da ƙarfi. Mace mai ciki da mai goyo su ma a ba su rabonsu, kada maigida ya cinye shi kaɗai.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. A kuma tattauna shi a ajin yaƙi da jahilci. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen gyaran fata da ƙirgi don su yi kuɗi a kasuwa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.