Bazara ta ƙarato: ina ruwa da inuwar da ƙananan hukumomin Kano suka tanada?

Hunturu ya ja da baya, rana ta fara cizo tun da hantsi, kuma duk mazaunin Kano ya san abin da ke tafe. Daga Maris zuwa Mayu zafi zai riƙa haura digiri 40. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet za ta fitar da gargaɗinta, gidajen rediyo su karanta, a ce wa jama'a su yawaita shan ruwa su guji yawo a rana. Shawara ce mai kyau. Sai dai har yau ba mu ji ciyaman ko ɗaya daga ƙananan hukumomi takwas na cikin birni ya fito ya faɗi inda ɗan dako a Singa zai sami ruwan da aka ce ya sha ba, ko inda fasinja a tashar Unguwa Uku zai fake kafin mota ta cika.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye. An yi ta murna, an ce gwamnati ta zo ƙofar gidan talaka. A watan Oktoba na wannan shekarar aka yi zaɓe a Kano, ciyamomi 44 suka sha rantsuwa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki bai ɓoye aikinsu ba: kasuwanni, tashoshin mota, banɗakunan jama'a, filaye da wuraren shaƙatawa, kwashe shara, da hannu a kiwon lafiya. A waɗannan wuraren ne rana ke gasa talaka. Saboda haka buƙatarmu ɗaya ce, kuma ba ta fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba: a kafa tankin ruwan sha mai tsafta, kyauta, da rumfa, a kowace kasuwa da tasha da asibitin sha-ka-tafi, kafin zafi ya kankama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda yake ganin mun cika baki, ya shiga Kurna ko Rijiyar Lemo ko Ɗorayi da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu. Zai ga ɗan garuwa ya danno kura cike da jarkoki, rigarsa ta jiƙe sharkaf, leɓensa ya bushe, yara na binsa daga lungu zuwa lungu kowa na cewa gidansu ne a kan layi. Ruwan nan daga burtsatsen wani mai hali ya sayo shi. In an ɗauke wuta, mai burtsatse ya tada janareta, kuɗin mai ya hau kan jarka, uwar gida kuma ta fara lissafin wanda zai yi wanka yau da wanda zai haƙura sai gobe. A gidaje da yawa famfo ya daɗe da zama ƙarfen banza a jikin bango. Wannan a jihar da marigayi Audu Bako ya bar mata madatsar Tiga tun shekarun 1970, aka ƙara mata ta Challawa Gorge a 1992, ga matatar Tamburawa, ga ta Challawa. Kowace gwamnati ta zo sai ta kai 'yan jarida matatar ruwa a ɗauki hoto, ta ɗora laifi kan wadda ta gada, ta tafi ta bar 'yan garuwa da aikin da ya kamata bututu ya yi.

Dare ma ba sauƙi. Ɗakin kwano ya wuni yana shan rana, mutum bakwai ko takwas su cusu a ciki, taga ɗaya, babu wutar da za ta juya fanka. A irin wannan cunkoso da busasshiyar iska sanƙarau ke yaɗuwa, kuma Kano ba ta buƙatar a tuna mata. Annobar 1996 ta ci dubban rayuka a Arewa, a cikinta ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na birnin nan. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafin da ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Madalla. Amma allura sai da firji, firji sai da wuta ko sola, kuma ma'aikaciyar asibitin unguwa da ba ta da ruwan wanke hannu ba za ta iya farfaɗo da tsohon da aka kawo mata a sume ba.

Zafin ma ba irin na da ba ne. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ƙirga gawa 102 cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi. Yankinmu ɗaya da su, irin gininmu ɗaya, matsalar wutarmu ɗaya. A nan in tsoho ya yanke jiki ya faɗi a bakin kasuwa, sai a ce hawan jini ne ko kwana ya ƙare, a kai shi makwanci kafin la'asar. Ba wanda ke rubuta cewa zafi ne, shi ya sa ba wanda ake tuhuma.

Sai yara. Duk bazara jami'an kashe gobara na jiha suna tsamo gawar yaran da suka je wanka kududdufi don su ji sanyi. Ina za su je? Filayen da unguwanni suke buga ƙwallo da yamma an yanka su an yi shaguna, gwamnati bayan gwamnati. Wata ta sayar, wata ta zo ta rushe, yaron dai bai sami fili ba. Manyan bishiyoyin maɗaci da darbejiya da suka yi wa titunan birni lema an sare da yawansu da sunan faɗaɗa hanya da gina gadar sama. Kowace damina ana bikin dashen itatuwa, amma ba a ɗaukar mai ban ruwa, rani na yi su bushe ko awaki su cinye.

Mun san amsar da za a ba mu, cewa ruwan famfo aikin hukumar ruwa ta jiha ne kuma kuɗin bai fara isowa yadda kotu ta ce ba. Da ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ba matata muka ce ciyaman ya gina ba. Kullum ta Allah masu karɓar haraji suna bin 'yan tebura da masu kayan miya da rasit, ba su taɓa fashi don zafin rana ba. Kuɗin da ake tarawa a kasuwa ɗaya ya isa ya ajiye tanki a ƙofarta, ya biya tankar da za ta riƙa cika shi. Masallatai da ƙungiyoyin unguwa da masu shaguna sun daɗe suna ajiye randa ko kula a bakin hanya don mai wucewa ya sha, daga aljihunsu, don neman lada. Abin kunya ne a ce hukumar da ke karɓar haraji ta kasa abin da mai shayi ke yi. Kansila ya san waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya tara su, ya ba su tankuna, su za su kula da su fiye da ɗan kwangila.

Muna maimaitawa: ruwa da inuwa, a kasuwa da tasha da asibitin unguwa, tare da ruwan gishiri da sukari a hannun kowane ma'aikacin lafiya. Sashen ilimi na kowace ƙaramar hukuma ya zauna da shugabannin firamare da na islamiyyu a gyara lokacin tashi, kada a saki yara cikin tsakar rana. A killace kududdufan da aka san suna cin rai.

Ciyamomin Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo kuma kowanne ya liƙa a bangon sakatariyarsa nawa ya shigo asusunsa a watan jiya, nawa ya kashe kan ruwa. Wanda ya ce kuɗinsa ba ya zuwa hannunsa, ya fito ya faɗa wa mutanen da suka zaɓe shi a hannun wa yake tsayawa.