Maganin kansa da haske ke tayarwa: mene ne rabon Adar?

A watan Satumba na 2020 Japan ta amince da Akalux, maganin kansar kai da wuya wanda ba ya aiki sai an haska shi. Ta jijiya ake ɗura shi, ya je ya manne wa ƙwayoyin kansa. Washegari likita ya auna jan haske a kan ƙarin, ƙwayoyin da maganin ya kama su fashe. Inda hasken bai kai ba, maganin ba ya ɓarna. Dabarar ta daɗe: tun 1993 Kanada ta amince da Photofrin, wanda shi ma haske ke tayar da shi.

Sai dai jan haske ba ya ratsa tsoka fiye da santimita ɗaya. Ya fi amfani ga kansar fata, ta baki ko ta maƙogwaro da ba ta yi nisa ba. Nan ne gizo ke saƙa. Majinyaci daga Abalak ko Cintabaraden yakan fara da maganin gida, sannan likitar gari, sannan babban asibitin Tahoua. In ana bukatar gashi, sai cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai, wadda ta samu injin gashi a 2021, tafiyar kilomita kusan 550 daga Tahoua. Da yawa kafin su isa ciwon ya yi zurfi.

Ga kuma rana. Wanda aka yi wa Photofrin dole ya guje mata aƙalla kwana 30, in ba haka ba fatarsa ta ƙone. Makiyayi ko mai noman albasa bai iya wannan zaman ɗaki.

Akwai abin da ya fi dacewa da yankin. A jami'ar Aligarh ta Indiya an gwada ƴar fitila mai aiki da batir a kan kansar baki da aka gano da wuri. A Turai ana shafa mai a tabon da ke iya rikiɗewa kansa, hasken rana ya tayar da shi. Zabiya, da rana ke jawo wa irin wannan tabo, su ne za su fara cin moriya.

Duk waɗannan na bukatar ma'aikacin lafiya da ya iya gane ciwo tun yana ƙarami, da wurin awon tsoka kusa da gida. Muddin babu su a Adar, injin haske zai tarar da majinyatan da ciwonsu ya riga ya fi ƙarfinsa.