Haba Uwargida, Furen Roba Ai Ba Fure Ba Ne

Yau dai faɗa na zo yi da ku, wadda ta ji zafi ta yi haƙuri.

Wai shin wane ne ya ce mana wayewa ita ce a malale tsakar gida da siminti tun daga ƙofar ɗaki har zaure, ba a bar ko tafin hannu na ƙasa ba? Yarinya za ta tare, sharaɗinta na farko a sare bishiyar da ke gidan saboda wai tana zubar da ganye, a shimfiɗa tayil ko intalok, sannan a je kasuwa a sayo furen roba a jera a kan taga. Wata har da ciyawar roba. Kai jama'a! Muna cikin gari irin Kano, inda zafin bazara ke haura digiri 40, mu da hannunmu muna mayar da gidajenmu tanda, kuma muna kiran abin gayu.

Zafin ma da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi da sauran ƙwarin da muka kora ba mu sani ba, alhali tukunyar miyarmu tana rataye a wuyansu.

Ki dubi kabewa. Fure iri biyu take yi a jiki ɗaya, namiji da mace. Macen za ki gane ta da ɗan ƙullutu a gindinta, shi ne zai zama kabewar. Furen da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, kuma ba ya sake buɗewa. A cikin 'yan sa'o'in nan dole wani ƙwaro ya shiga namijin ya kwaso garin fure a jikinsa, ya kai wa macen. Wannan ita ce barbarar fure. In ba a yi ta ba, sai ki ga ɗan ƙullutun ya yi rawaya ya faɗi. Mu kuwa me muke cewa? Wai baki ne, wai maƙwabciya ce ta sa ido. Babu ruwan baiwar Allah, ke ce kika feshe gidan da fiya-fiya jiya da safe. Haka kankana take, haka kokwamba. Gwanda ma da namiji da mace. Ɗorawar da muke samun kalwa mu yi daddawa, jemage ne ke bin furenta da dare, zuma ta biyo da safe. Kuka ma da yamma take buɗe farin furenta domin jemagen nan da yaranmu ke harbi da danƙo.

Kada ki ce zancen ƙauye ne. A shekarar 2016 masana da suka yi wa ƙasashen duniya nazari a kan wannan batu sun bayyana cewa kusan kashi 75 cikin 100 na manyan nau'o'in amfanin gona da ake ci suna buƙatar irin waɗannan halittu, ko da yawa ko kaɗan. Gero da dawa da masara ba su ciki, iska ce ke yi musu aikin, don haka tuwo ba zai ƙare ba. Amma tuwo gaya wa yake so? Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 20 ga Mayu a matsayin ranar ƙudan zuma, an fara bikinta a 2018, kuma a shekarar ce Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magungunan ƙwari guda 3 a fili saboda cutar da suke yi wa zuma. A birnin Utrecht na ƙasar Holan, a 2019, rumfunan jiran bas sama da 300 aka shuka wa tsirrai a kan rufi. Su da muke kwaikwayo ke nan. Mu kuwa mun ɗauko robar mun bar furen.

Na san abin da za ki ce. Zuma tana harbi, kuma ina da yara. Gaskiya ne, zumar ƙasarmu tana da faɗa idan aka taɓa amyarta, ni ma ban ce ki rataya amya a bayan ɗaki ba. Amma wadda ta zo kiwo a kan fure ba ta da lokacinki, in ba matse ta aka yi ba, domin in ta harbi mutum ita ma mutuwa take yi. Af, kin kuwa san duk masu fita kiwon nan mata ne? Mazan suna gida a zaune. Sai zancen sauro. Sauro ba a jikin bishiya yake ƙyanƙyasa ba, a ruwan da ya kwanta yake yi, cikin kwatar da ta toshe da tsohuwar taya da randar da ba a rufe ba. Kin sare lalle kin bar kwata, wa kika yi wa?

Ba wani iri na ƙasar waje nake cewa ki nema ba. Zogale ya ishe ki farawa, amma ki daina datse kansa duka saboda kwaɗo, ki bar ko da guda ɗaya ya yi farin furensa, zuma tana sonsa ƙwarai. Lalle in ya yi fure ƙamshinsa ya fi turaren wuta da yawa. Ɗoɗɗoya da na'ana'a, ki ƙyale wasu su yi kai maimakon ki tsinke su tun suna ƙanana. Ga riɗi, ga kabewa a bar ta ta hau katanga, ga lemun tsami da gwaba ga mai fili. Ki haɗa su yadda za a samu fure har da rani, lokacin da daji ya bushe ƙwarin suka rasa abinci. Mangwaro da hunturu yake fure, darbejiya ta biyo baya. Mai gidan haya kuma ba ta da uzuri, tsohon bokiti da fasasshen tulu da buhun siminti duk tukwanen shuka ne, ranar tashi ki ɗauki abinki. Ki ajiye ɗan kasko da ruwa, ki zuba tsakuwa don su samu wurin sauka, ki riƙa canja ruwan duk bayan kwana 2 kafin sauro ya samu gida. In feshi ya zama dole, a yi shi cikin ɗaki da magariba, ba a kan fure ba.

Su ma masu kula da shataletale da gefen tituna da harabar makarantu ban ƙyale su ba. Kullum shuka guda ce, shingen nan da ake aske wa kai da almakashi duk mako, ba a taɓa barinsa ya yi fure ba. Filin shaƙatawa kuwa kafin ki ankara an yanka shi an yi shaguna. Mazajenmu da ƙannenmu ne ke waɗannan ofisoshin, kuma mu ne muke zuwa taron iyayen yara a makaranta. In shugabar makaranta ta ce a kawo kuɗin intalok, wata ta daure ta miƙe ta tambaya ko za a bar layi ɗaya a jikin katanga a shuka zogale da lalle.