Baƙo ya zo kallo, makiyayi ke kwana da ido buɗe

A watannin Yuli da Agusta, lokacin da mu ke tsakiyar damana, Turawa su na cikin zafi da hutun shekara. Da yawa daga cikinsu kan saɓa jaka su nufi duwatsun Pirene, waɗanda su ka raba Faransa da Espaniya. Akwai wata hanyar ƙafa da a ke kira GR10, mai kimanin kilomita 900, wadda ta ratsa duwatsun daga wannan teku zuwa wancan. A kanta matafiyi ya kan ga awakin dutse da manyan ungulaye su na shawagi.

Amma abin da kowa ke marmarin gani shi ne dabbar da Faransawa ke kira urs, maƙwabtanmu na Najeriya kuma su ce beyar. Ƙatuwar dabba ce mai gashi ja-ja, namijinta kan kai kilo 200. Yawancin abincinta ƴaƴan itace ne da saiwoyi da ƙwari, amma in ta samu tunkiya ba ta ƙi. Ta na gudun mutane, ta fi yawo da dare. Saboda haka mai yawon kallo da wuya ya ga fiye da sawunta a taɓo, ko gashinta a jikin icce.

In an yi kiciɓis, dokar a fili ta ke. Kada a ruga da gudu. A yi magana a hankali don ta san mutum ne, a ja da baya sannu-sannu. In ta miƙe bisa ƙafafun baya, sansanar iska ta ke. Babban haɗari shi ne shiga tsakanin uwa da ƴaƴanta: a 2021, cikin jihar Ariyej, wata uwa ta raunata wani maharbi kafin ya harbe ta.

A 1995 waɗanda su ka rage a Pirene ba su wuce 5 ko 6 ba. Sai gwamnatin Faransa ta kawo mata 2 daga Silobeniya a 1996, da namiji 1 a 1997, ta ƙaro wasu a 2006 da 2018. A ƙidayar 2023 an samu aƙalla 83.

Masu kare daji sun yi murna. To amma mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. A daidai watannin da baƙi ke zuwa ne makiyaya ke hawa da tumakinsu kiwo bisa duwatsu. A Yulin 2017, kusa da ƙauyen Kufulan, tumaki fiye da 200 su ka firgita da urs, su ka faɗa daga kan dutse su ka mutu. Gwamnati ta na biyan diyya, amma kuɗi ba su mayar da garken da a ka yi shekaru a na zaɓen irinsa.

Shi ya sa makiyaya ke ajiye wani babban farin kare mai suna patu, wanda ke kwana cikin garke. Matafiyi ya fi saurin haɗuwa da shi bisa ga urs. Duk wanda ya ga tumaki sai ya kewaye su daga nesa, ya ɗaure karensa, kada ya ɗaga sanda. Baƙo na kwana kaɗan ne. Ladabinsa shi ne kada ya ƙara wa mai wuri nauyi.