Kafin A Kunna Tashar Nukiliya, Ina Za A Binne Shararta?

Duk lokacin da aka ta da zancen lantarkin nukiliya a Nijeriya, sai a shiga lissafin wutar da za a samu, ana ambaton Geregu a Jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom. Ba kasafai ake tambayar makomar makamashin da ya gama aiki ba, alhali gubarsa kan ɗauki dubban shekaru kafin ta lafa. Ƙaramar tashar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta samu sauƙi, domin a 2018 an mayar da tsohon makamashinta ƙasar Sin. Amma ba a gina shirin ƙasa bisa fatan kullum wani zai kwashe mana shara.

Finlan ta fara neman wurin binne tata tun 1983, sai a 2001 majalisarta ta amince da tsibirin Olkiluoto. Can aka haƙa rami mai zurfin fiye da mita 400 cikin tsohon dutse, inda za a ajiye sharar a tukwanen jan ƙarfe, a lulluɓe su da yumɓu.

Galibin Jihar Kano kan irin wannan tsohon dutse take zaune. Sai an wuce Wudil an nausa wajen Haɗeja ne yashi da laka na kwarin Tafkin Chadi ke binne shi. To, kada mai karatu ya ce ai shi ke nan. Mai haƙa rijiyar burtsatse a nan tsagar dutse yake nema, domin ta nan ruwa ke bi. Tsagar da ke faranta masa rai ita ce abar gudun mai binne guba. A Asse ta Jamus an jibge ganga kusan 126,000 a tsohuwar mahaƙar gishiri, ruwa ya fara kutsawa a 1988, yanzu ana faman shirin fito da su.

Don haka sai an auna tsagogin dutsenmu, an gano tafiyar ruwan ƙarƙashinsa, an kuma bi diddigin motsin ƙasa irin wanda ya kaɗa Mpape a Abuja a 2018. Wannan aikin shekaru ne, kuma ya dace Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil ta shige gaba wajen horar da masu yin sa. Ba a fafe gora ranar tafiya.