Tausayi ma gado ne: kira ga manyan ma'aikatan jinya da malamai



A daminar bara, cikin tsakar dare, na raka ɗiyata ɗakin haihuwa. Ina zaune a waje bisa benci ina jin abin da ke gudana ta taga. Ungozomar da ke aiki yarinya ce, ba ta kai shekarun ɗiyata ta fari ba, ga mata uku suna naƙuda a lokaci guda, ga wuta tana ɗaukewa. Amma har gari ya waye ban ji ta ɗaga murya ba. "Sannu yaya, saura kaɗan," shi ne abin da ta yi ta maimaitawa. Da safe na yi mata godiya, na tambaye ta inda ta samo wannan hali. Ta ce: "Baba Liman, ba a littafi ba. Wata tsohuwar ungozoma na yi koyon aiki a hannunta. Ranar da na tsawata wa wata mai naƙuda, ba ta kunyata ni gaban jama'a ba. Ta jira muka keɓe, ta ce in tuna da tsoro matar ta shigo, kada ta fita da wani tsoron." Tsohuwar ta rasu, Allah Ya jiƙanta, amma ɗiyata ta ci moriyarta ba tare da ta taɓa ganin ta ba.

Malamanmu sun sanya aikin magani cikin farillan kifaya, kuma Imam Gazali ya ambaci haka a Ihya'u. Sai dai mun fi kula da ilimin, mun manta da hannun da ke miƙa shi. Makaranta tana koyar da allura da awon jini. Yadda ake duban mara lafiya kuwa, daga babba ƙarami yake ɗauka, ko babban ya sani ko bai sani ba. Wanda ya ga maigidansa yana daka wa baƙauye tsawa don ya zo a makare, shi ma haka zai yi. Sakamakon ba ƙarami ba ne. Nawa ne cikin matanmu suka gwammace haihuwa a gida don gudun wulakanci, har jini ya ɓalle, aka ɗauko su a amalanke bayan lokaci ya ƙure? Mu da ke sallatar gawa mun san amsar.

Ku dubi makarantar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara 10, ya kuma shaida cewa bai taɓa kyarar sa ba. Daga baya Anas ya zauna a Basra yana karantar da tabi'ai, da wannan tarbiyya a jikinsa. Da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, Manzo ya sa aka kwantar da shi a tantin Rufaida mai jinyar masu rauni, cikin masallaci, don ya riƙa duba shi kusa-kusa. Sahabbai suna kallo, kuma da kallon suka koya.

Na san uzurin, kuma ba na raina shi: ma'aikata kaɗan ne, marasa lafiya sun yi yawa, musamman lokacin zazzaɓin cizon sauro da tamowar yara, albashi kuma ba ya kai ƙarshen wata. Gajiya gaskiya ce. Amma waccan tsohuwa ma cikin wannan hali ta yi aiki, wataƙila ma mafi tsanani.

Kada wani ya ce liman ya sa ma'aikatan asibiti gaba ya bar nasa. Mu ma masu allo abin ya shafe mu. Almajirin da aka karantar da dorina kaɗai, da dorina zai karantar. Ni kaina, abin da ya fi zama a zuciyata daga malamina ba babin fiƙihu ba ne. Ranar da na kwanta da baƙon dauro, shi da kansa ya dama mini kunu.

Don haka, kai babba a wurin aikinka, wannan mako ka lura da ƙaramin da ke tsaye bayanka: in ya yi kuskure, ka ja shi gefe. Wanda kuma ya san malaminsa mai tausayi yana raye, ya je ya gaishe shi. In ya rasu, ya sa shi a addu'a bayan sallar Juma'a.