Gadar Markala da shanun da ba a lissafa ba



Duk wanda ya taɓa fatauci a ƙasar Mali ya san gadar Markala, kusa da birnin Segu, bisa kogin Isa da wasu ke ce ma Kwara. Gada ce, kuma madatsar ruwa ce. Faransawa suka fara ta a 1934, aka gama a 1947, tsawonta mita 816. Talakawan da aka kamo aikin tilas su suka gina ta.

Ba don mu aka yi ta ba. Wani injiniya mai suna Belime ya yi mafarkin noman auduga a fili kusan hekta miliyan ɗaya, aka kafa ma'aikatar Ofis du Nijar a 1932 saboda haka. Madatsar tana ɗaga ruwa sama da mita 5, ya kwarara cikin manyan magudanai biyu, na Sahel mai nufar Niyono da na Masina. Magudanan sun bi tsofaffin hannuwan kogi waɗanda suka ƙafe tun kaka da kakanni, ƙasar da Fulani suke kiwo tun kafin Bature ya zo. An kawo Mosawa daga Hotbolta, Burkina ta yau, su yi noma. A 1970 aka bar auduga aka koma shinkafa. Filin da aka gyara bai kai kashi ɗaya cikin biyar na mafarkin Belime ba.

Ba mu ƙin shinkafa, mu ma muna ci. Amma magudanar ruwa ba kogi ba ce. Kogi yana da mashigi, yana janyewa da rani, makiyayi ya san inda zai tsallakar da garke. Magudana kuwa gefenta a tsaye yake, ruwanta ba ya sauka. Saniya in ta zame ba ta iya hawowa, balle ɗan maraƙi. In babu gada, sai a yi zagaye, shanu su rame a hanya, farashi ya faɗi a kasuwa. In aka matsa suka shiga gona, sai tara da faɗa. Wanda ya datse burtali yana ofis, manomi da makiyayi ke gaban alƙali.

Kada a ce wannan aikin 'yan mulkin mallaka ne kawai. A 2008 gwamnatin Mali ta ba Libiya hekta 100,000, aka haƙa sabuwar magudana mai kilomita 40 ta wajen Kolongo. Ta ci gidaje, ta yanke hanyoyin dabbobi, alhali tun 2001 Mali tana da dokar da ta kare makiyaya. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 aikin ya tsaya, rami kuwa ya zauna.

In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. A nan Nijar an aza harsashin madatsar Kandaji a 2008, bisa wannan kogi, kuma za a ja ruwanta zuwa gonaki. Dokarmu ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne. To muna so a sa gadar shanu cikin takardar aiki tun kafin a kawo injin haƙa: mai faɗi da garke zai bi ba turereniya, daidai inda burtali ya ratsa, tare da mashaya mai gangare a kusa. Kuma a zauna da ardo da rugga da garso kafin a ja layi a taswira, don su suka san inda shanu ke bi.